Gugar Kawu a Kan Zannuwan Inna

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai guga ne tun kafin a haife ni. A shagon ɗinkin da nake aiki, shi ke can ƙurya bayan labule, da teburinsa mai shimfiɗar da ta ƙone wuri-wuri, da dutsen guga mai nauyi kamar turmi, da wani kofin silba da ya lotsa. Kofin nan shi ne masifar. Da shi Kawu ke shan shayi, da shi yake ɗiban ruwan guga, kuma ni dai ban taɓa ganin ranar da ya haɗu da sabulu ba.

Mai shago ya sayo masa gorar fesa ruwa, ya ce kayan wasan yara ne. Shi guntsar ruwa yake yi har kumatu su kumbura, sai ya furza shi fuu a kan kayan mutane, ya bi da dutse. Rigar da bawan Allah zai sa ya rungumi 'ya'yansa! In ka yi magana ya ce, "Ruwa ne fa, ba guba ba." Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ni ko ƙarar furzawar na ji daga kan kekena sai in kau da kai.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya kwantar da kaya. Yana saurayi ya koyi aiki wurin wani telan kwat, wanda ya dasa masa magana ɗaya a ka: kowane ɗinki buɗe shi ake yi. In ka haɗa yadi biyu, ai akwai 'yar rara da ke saura ta ciki. Ko dai ka kwantar da rarar duka gefe ɗaya, ko ka raba ta, wannan dama wancan hagu, ka danne. Raba ta shi ne buɗewa. A wando da kwat yana da kyau, ɗinki ya kwanta luf. Amma Kawu ya tsufa bai yarda akwai wata hanya a duniya ba. Wanda duk ya kwantar gefe ɗaya, a wurinsa malalaci ne. A kan wannan ya ɓata da teloli da yawa, ya bar shaguna, har dai mai shagonmu ya ɗauke shi saboda ni.

Da Inna ta rasu aka raba kayanta, ni zannuwanta na gida da ɗankwalinta na roƙa, waɗanda suka sha jiki har suka yi laushi. Ban wanke su ba. Ƙamshinta na jikinsu, man da take shafawa da ɗan hayaƙin murhu, kuma abin da ya rage mini nata ke nan. Na yanka su ƙyalle-ƙyalle don in haɗa bargo, in sa auduga a ciki, in riƙa lulluɓa da shi. Duk sanda aiki ya lafa sai in zauna in haɗa kaɗan, in kwantar da rarar gefe ɗaya da farcena. Ko dutse ban yarda ya taɓa ba. Tsohon yadi ba ya son a buɗe shi. In ka buɗe, zare ya rage tsirara a tsakiya, ba abin da ke rufa masa baya, audugar ciki ma ta riƙa leƙowa.

Kawu ya ɗaga labule ya ga abin da nake yi, ya taɓe baki.

"'Yar nan, wannan tudu-tudun fa? Kawo in gyara miki."

"Kawu, don girman Allah ka bar shi. Na Inna ne, haka nake son sa."

"Yayata ce kafin ta zama uwarki. A ce kayanta ne da wannan aikin ganin dama?"

Na ce na gode, na ninke abina na sa a ƙasan teburina. Kullum sai ya yi ƙorafi, kullum sai na ba shi haƙuri, don babba ne.

Ranar da na gama haɗa fuskar bargon, mai shago ya aike ni kasuwa sayo zare. Ina dawowa, tun daga bakin ƙofa na ji fuu. Na ji kuma fuu. Na bankaɗa labule.

Ga zannuwan Inna shimfiɗe a teburinsa, bayansu a sama. Ya bi layi-layi da ƙaton farcensa ya ɓare kowane ɗinki, ya danne da dutse mai zafi. Saura 'yar kusurwa ɗaya. Tururi na tashi, kumatunsa cike, ga kofin nan a gefe da sauran ganyen shayi yana yawo a ciki. A kan farin ƙyallen da na yanko daga ɗankwalinta har ɗigo-ɗigon ja ya fito.

"Kawu! Me na yi maka?"

Sai da ya furzar da na bakinsa a kan kusurwar da ta rage, wallahi a gabana, sannan ya goge leɓe da bayan hannu.

"Shafa ki ji. Kamar takarda. Da yayata na nan da ta sa mini albarka."

Na ɗaga bargon sama, haske na shigowa ta kowane layi, zare duk ya yi zuru-zuru. Wannan da sauƙi, na ce a raina, zan iya sake kwantar da shi ko da zai ci mini wata guda. Sai na kai shi hancina. Tir! Tsamin shayi da yawun tsoho, dutse ya dafa su cikin yadi. Na fita waje da gudu na yi ta kakarin amai a bakin kwata, shi kuwa yana ciki yana gaya wa mai shago cewa 'ya'yan yanzu ba su san alheri ba.

Na kai bargon gida na shanya a inuwa, ko iska za ta raba nasa da nata. Ina! Kwana da kwanaki, in na matso sai warin bakin Kawu ya tare ni. Na kasa lulluɓa da shi, na kasa ko ajiye shi kusa da gado. Ƙyama ta hana ni taɓa kayan uwata, abin da ban taɓa zaton zan gani ba.

Daga ƙarshe na ɗebo ruwa a baho na jiƙa shi. Ina cuɗawa a hankali ina kuka, ɗinkin da ya buɗe yana sakin baki ɗaya bayan ɗaya, har ɗankwalin ya rabu da zanen da ke kusa da shi. Da ya bushe na zauna a tsakar ɗaki na bi shi ƙyalle-ƙyalle da hancina, ban tsallake ko ɗaya ba. Warin Kawu ya fita tas. Inna ma ta fita, sai sabulu kawai nake ji.