Sunan Ɗan Fari a Bakin Teku

Na manta abubuwa da yawa a zamana na Alƙahira, amma tafiyar da muka yi bakin teku da maƙwabciyata 'yar Damagaram tana nan daram a kaina, da ita za a binne ni. Ban kama biro ba sai da furfura ta fito, don haka wanda ya ga zancen a karkace ya yi ma'alish, wato haƙuri.

Ni wankan jegon 'yata ya kawo ni unguwar Hayyin Ashir, na zo na zauna. Ita kuwa maƙwabciyar, ɗanta ne ya ɗauko ta aka cire mata yanar ido. Ɗalibi ne mai karatun addini, kuma ɗan farinta. Kun san halinmu da ɗan fari. Ba ta kallonsa, ba ta cin abinci a gabansa, sunansa kuwa ko da wasa. Sai "wancan", sai "yaron nan". Mutum da gemu har ƙirji. Ni kaina ban san sunansa ba, Malam nake ce masa.

Da idon ya buɗe, lokacin komawarta gida ya matso, sai ya haɗa rihla, wato yawon buɗe ido, shi da abokan karatunsa da matansu. Ya zo ya durƙusa a ƙofata ya ce, "Hajiya, ki raka ta don Allah. Abu ɗaya nake so, hotona da ita. Ba ni da ko guda. In ta tafi ban san yaushe zan sake ganinta ba." Na ce to, amma ban yi maka alkawarin komai ba, na san irinsu.

Muka cika mikrobas, ƙaramar bas, da tukwanen dambu da galan-galan na zoɓo, kamar masu ƙaura. Fayyum aka fara kai mu ganin shallal, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. An yi ta zuzuta mana shi a hanya. Da na gani na ce wa direban, indararon gidanmu da damina ya kusa kamo wannan. Bai ji Hausa ba, ya ce tamam ya Hajja. Misirawa na ta shiga ruwan da kayansu suna ihu. Malam ya matso da waya ya ce, "Inna, ki tsaya nan." Ta ja mayafi ta juya baya tana kallon rairayi, wai ta ga raƙumi. Babu raƙumi a wurin.

A Iskandariyya ma haka. Aka saya mana gasasshen kifi, iskar teku na neman cire mana ɗankwali. Ta ci nata a cikin mota don kada ya gan ta tana tauna. Na ce mata, "Yaya, an buɗe miki ido kin zo kina rufewa da kanki." Ta ce, "Ke dai ba ki da ta-ido." Gaskiya ta faɗa, ba ni da ita.

Daga nan muka bi gefen teku, gari bayan gari, gidaje farare ba kowa a ciki don ba lokacin zafi ba ne, har Maɗruh. Nan kam ban raina ba. Ruwa shuɗi kamar an zuba masa baba, ga duwatsu shimfiɗe sun shiga cikinsa. Aka shimfiɗa mana darduma a kan rairayi. Malam ya gane ba za ta taɓa tsayawa da shi ba, sai ya ce ko nata ita kaɗai ya samu. Ya zagaya ya hau wani dutse can cikin ruwa don ya ɗauke ta daga nesa ba ta sani ba. Fuskarsa na wajenmu, bayansa na wajen teku.

Ita ta fara ganin igiyar ruwan. Babba ce, ta taso daga can baya kamar katanga. Ta ce, "Kai!" Iska ta tafi da kiran. Ta ce, "Malam!" Duk malaman da ke kan rairayi suka waiwayo, ban da wanda ake kira. Na buɗe baki, to me zan ce? Ban san sunan ba.

Sai ta miƙe tsaye ta kwarara masa kira da sunansa na yanka. Tsohuwar da ba a jin muryarta daga ɗaki zuwa ɗaki.

Ya ji. Daga baya ya ce ya zaci wani mugun abu ne ya same ta, shi ya sa ya yo tsalle ya nufo mu a guje. Ruwan ya daki inda yake tsaye, ya rufe dutsen ruf, ragowar ta share ƙafafunsa ta maka shi da ƙasa. Abokansa suka jawo shi. Gwiwa ta fashe, hula ta tafi, waya ta tafi da duk abin da ya ɗauka.

Ya zo yana ɗingishi, ruwa na tsiyaya daga gemu, ya zube a gabanta. Ya ce, "Inna, ashe kin san sunan?"

Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla ta ce, "Gaya wa wancan, ranar da aka raɗa masa shi ni ce a zaune da ciwo. Kuma ya sa na yi abin kunya a gaban mutane, khalas, shi ke nan, ya tashi ya ba ni wuri." Hannunta kuwa yana riƙe da gefen jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya kasa tashi. Haka suka zauna har direba ya fara yalla yalla, wai mu tafi.

Hoto dai bai samu ba, har ta koma gida, har labarin rasuwarta ya zo mana. Da na je yi masa gaisuwa na ce ka yi haƙuri da hoton nan. Ya ce, "Hajiya, wanda na samu ya fi hoto."

Ni ban ce a zubar da kunya ba, da ita aka raine mu. Abin da na koya shi ne, kada uwa ta jira sai ruwa ya taso wa ɗanta kafin ya ji sunansa a bakinta. Ba kowane ɗa ne ruwan zai bari ya amsa ba.