Fetur a Soso, Yashi a Inji

A ranin da ya biyo bayan cire Jihar Katsina daga Kaduna, ina gyaran rediyo a wata rumfa cikin kasuwar Funtua. Ban iya boko ba a lokacin, sai yanzu da furfura ta fara na shiga ajin yaƙi da jahilci, har nake rubuto muku da kaina. Amma hannuna ya san aiki. Rediyon da ya gagari masu gyara a Bakori ko Danja wurina yake ƙarewa.

Wata rana wani Alhaji mai fataucin auduga, wanda nake gyara wa rediyon gidansa, ya aiko a kira ni. Ya nuna mini wata 'yar mota da tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, mai inji na gaske wanda bai kai dunƙulen hannu ba. Wurin wani Bature mai aikin gona da zai koma ƙasarsu ya saye ta. Da wani akwati mai eriya ake tuƙa ta daga nesa, shi ya sa Alhaji ya ce aikin mai rediyo ne. Ya yi alkawarin in na riƙe masa ita lafiya har baƙinsa na Kano su zo su gani, zai ba ni shago a jerin da yake ginawa bakin tasha. Ya kuma isar mini da gargaɗin Baturen, cewa duk ranar da za a hau yashi, a sa mai a soson da ke bakin injin. Na tambaye shi wane mai. Ya yi dariya ya ce, Malam, mai ai mai ne, mota me take sha?

Na bi ta a hankali har na gane ta. Na iya cajin baturanta, na iya murɗa allurar mai har ƙarar ta daidaita. Man da take sha nata ne daban a galan, ban so in ɓarnatar da shi, don haka na riƙa wanke soson da fetur. Yakan fito tas, in ji daɗi. Maƙwabcina a kasuwa, wani mai gyaran babur ɗan Malumfashi, kullum sai ya tsokane ni wai direban ƙwaro, yaushe zan ɗauki fasinja. Ya nemi ya duba injin na hana, don ina so sunan ya zama nawa ni kaɗai.

Duk Juma'a da la'asar sai in kai ta busasshen rafin bayan gari, tana watsa yashi mutane na sowa. Ranar da baƙin suka zo ta zaga su sau biyu, har wani ya cire hula yana kabbara. Sai ƙarar ta shaƙe, ta yi tari, ta mutu. Na yi ta fama gaban jama'a, ba ta sake tashi ba.

Washegari na kai wa maƙwabcin nan nawa. Ya buɗe injin, ya shafa ciki, ya nuna mini garin yashi a yatsansa. Ya matsa soson ya ji shi ƙayau, ya tambayi abin da nake zuba masa. Da na faɗa sai ya dafe kai. Ya ce baƙin mai ake nufi, mai danƙo da zai kama yashin, fetur kuwa kafin in isa rafi ya bushe. Aka nemi kayan injin a Kano da Kaduna, babu.

Alhaji bai ɗaga mini murya ba, Allah ya kiyaye gaba kawai ya ce. Shagon kuwa, wani tela aka ba.

Har yau ban raina hannuna ba, don ba shi ya kayar da ni ba. Kalma ɗaya ce mai fuska biyu, na karɓe ta daga bakin wanda shi ma bai san ta ba, alhali wanda ya sani yana zaune kusa da ni. Jama'a, in an ba ku amana da umarni, ku tambaya har ku gane, ko da za a yi muku dariya. Ni dai na rasa inji ɗaya, shago ɗaya, da gyaran rediyon gidan Alhaji. Sunan Malam Soso da aka laƙaba mini a kasuwa ne kaɗai bai ɓace ba.