Yadda Na Kayar da Ɗan Takara Ina Zaune a Manfuha

Tarihi ya adana sunayen waɗanda suka rushe dauloli da takobi, da waɗanda suka rushe su da alƙalami. Ni kujerar kansila guda na rushe, a ƙasar da ban taɓa takawa ba, ina zaune a kan katifa a Riyad. A lokacin ɗalibin fiƙihu ne ni, na haddace babin shugabanci da sharuɗɗansa, ina ganin babu matsalar mulki a duniya da ta fi ƙarfin shawarata.

Ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Manfuha da wani ɗalibi ɗan Afirka ta Kudu, ɗan ƙabilar Zulu, wanda ya musulunta yana saurayi. Dogo ne, da dukan jikinsa yake dariya. Shi ke dafa mana kabsa, shinkafar Larabawa, ni ke gyara masa nahawu. Shehu yake kirana idan tsokana ta motsa, ni kuma ina kiransa Kansila, domin kowace hira sai ta ƙare a ƙaramar hukumarsu. Har na san garin kamar a can aka binne cibiyata: gidaje warwatse a kan tuddai, hanyar da damina ke cinyewa duk shekara, da motar ruwan hukuma mai zuwa ranar da ta ga dama. Kakarsa da ta raine shi, wadda yake kira Gogo, ita ke gangarawa rafi da jarka, ta jira shanu su gama sha. Yakan ce ranar da ya ga famfo a ƙofar Gogo, ranar zai yarda ya yi karatu.

Da zaɓe ya matso, mutanen mazaɓarsu suka ce shi suke so. A can, wakilin sarkin gargajiya ke tara jama'a a gindin wata bishiya, kowa ya faɗi ra'ayinsa, a tsayar da mutum ɗaya kafin a watse. Tunda yana nesa, za a ɗora waya a kan kujera ya yi magana. Yana son abin ƙwarai, har ya fara tambayar yadda ake jingine karatu a mayar da iƙama, wato takardar zama a Saudiyya. Kuskurensa ɗaya, ya nemi shawarata. Na ce masa mulki ba a yi masa rawar jiki. A wurinmu ko limanci aka miƙa wa mutum, kai ko tuwo ne, sai ya ce a'a, a roƙe shi, ya nuna waɗanda suka fi shi, dattawa su matsa, sannan ya karɓa kamar an ɗora masa dutse. Ya tambaye ni ko na tabbata Gogo ta karanta wannan babin. Na ce kunya ba ta da ƙabila.

Ranar taron wayar ta shigo, ina jiyo kukan awaki da tarin tsofaffi. Ya gaishe su, ya jero kirarin zuri'arsu, mata suka rangaɗa guɗa. Wakilin sarki ya tambaye shi ko ya karɓa. Ya kalle ni, na gyaɗa kai, sai ya ce shi yaro ne, akwai waɗanda suka fi shi cancanta. Na yi masa alama da hannu ya ƙara haƙuri, roƙo na tafe. Abin da ya taho shi ne godiya. Wakilin ya ce madalla da yaron da ya faɗi gaskiya bai ɓata musu lokaci ba, ga rana ta take, tsofaffi sun gaji. Nan take suka tsayar da wani mai motar haya. Sai Gogo ta karɓi wayar. Daga baya ya fassara mini: ta ce ta gaya wa duk matan da suke ɗibar ruwa tare jikanta na dawowa, yanzu da wace fuska za ta gangara rafi? Ta kuma tambaya ko gudun mutanen gida ake koyarwa a ƙasar Larabawa.

Bai yi mini faɗa ba. Ya dafa kabsa ya miƙo mini faranti, na ce na ƙoshi, ina jira ya matsa. Ya ce ya gode, Shehu, da ban ɓata masa lokaci ba, ya cinye a gabana.

Ya gama karatu ya koma gida, yanzu yana cikin kwamitin mazaɓa, yana bin sawun motar ruwa. Gogo ta rasu famfon bai iso ba. Ban ce da shi aka zaɓa da ya iso ba, amma ni na hana mu sani, kuma abin na cina har yau. Shi kuwa duk sallah sai ya kira ya tambayi Shehu ko ya ci abinci ko yana jiran a roƙe shi.

Jama'a, al'adar garinku a garinku take da daraja, kada ku ɗinka wa baƙo ita ya sa ya tafi gidansu. Idan mutum ya san hanyar rafin garinsu, bar shi ya yi magana da mutanensa yadda suka saba. A kuma riƙa duba wanda ake neman shawararsa a kan mulki. Ni da nake wannan bayani ban taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukumarmu ba.