Ƙullin da ke kusa da fanka

Ina bisa tsani da rana tsaka, ina kwance tsohuwar fanka, sai na iske ƙullin baƙar fata a jikin azara. Mahaifina ya ɗaura shi tun gidanmu na bin al'adar kakanni, ya ce kada a taɓa.

Ƙullin ya tare wurin sabuwar fanka, na cire shi. Ina gama ɗaura ta, ta kama juyawa.

Na ce ma ɗiyata Hadiza, "Kin gani? Ke da kinka ce sai mai gyara daga Madawa."

Ta ce, "Baba, sauko. Tun safe anka ɗauke wuta."

Na maida ƙullin, fanka ta tsaya.

Ina salla, amma ban ƙara taɓa shi ba. Mutanen Adar, da ku ne, kuna cirewa?