Kan da Aka Rufe wa Ido

Maigidana masassaƙi ne, kamar mahaifinsa. Turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya, su ne abincinmu a Boɗinga. Ni kuma ina ɗan ɗinkin hannu a cikin gida. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wasu ma'aikatan majigi suka sauka garinmu da mota, suna neman wanda ya iya itace. Aka nuna musu zaurenmu.

Abin da suke so baƙo ne gare mu. Za su shirya majigi a kan ciwon kurkunu, amma ba da mutane ba, da 'yan tsana na itace. Babbansu, wani dogo mai tabarau, ya yi wa maigidana bayani. Za a tsayar da ɗan tsana a kan tebur a ɗauki hotonsa, a ɗan matsar da hannunsa a sake ɗauka, haka har a gaji. In aka jera hotunan aka haska su da sauri, sai a ga yana tafiya. Fuska kuwa ba ta motsi, don haka mutum ɗaya sai an yi masa kawuna da yawa: mai dariya, mai buɗaɗɗen baki, mai ɗaure fuska, mai jin zafi. A cire wannan daga wuya a kafa wancan.

Maigidana bai karɓa ba sai da ya je wurin liman. Liman ya ce tun da don a koya wa mutane tace ruwa ne, kuma ba su wuce abin wasan yara ba, ya yi, amma kada ya kwaikwayi fuskar kowa. Ya riƙe wannan sharaɗin da gaske. Ya sami reshen aduwa guda mai kauri, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace kamar dunƙulen hannu. Da zai fara, ya juya wa ƙofar zaure baya don kada wani ya wuce fuskarsa ta shiga masa ido.

Ya fara da gizago, ya gama da 'yar wuƙa, ya goge da ganye mai kaushi. Gira da gashin baki da ƙarfe mai zafi ya zana su. Daga nan sai ya shigo min da su ciki, in shafa musu man gyaɗa, in sa musu kwalli da tsinke, in ɗinka 'yar taguwa da hula. Kayan aikin ma duk shi ya yi: 'yar rijiya, ɗan guga, fartanya kamar yatsa, gado ɗan mitsitsi. Waɗannan na so su ƙwarai. Kawunan ne ban so ba. Mutum ɗaya ne, siririyar fuska, dogon hanci, jere a kan faifai yana dariya yana fushi a lokaci guda. In ina daka sai in ji kamar ana kallon bayana, don haka na riƙa rufe su da tsohon zane.

A wannan rani akwai rugar da ta zo daga wajen Shagari ta sauka bayan gari don cin karan gonaki. Wata tsohuwa daga rugar tana shigo mana da nono. Ba ta da yawan magana. Ranar da abin ya faru da hantsi ne, na buɗe kawunan ina shafa musu mai, ta yi sallama ta shigo. Ta sauke ƙwaryarta a hankali, ta tsuguna gaban faifan, ta ƙura wa kawunan ido.

"Ɗiyata," ta ce, "ina kunka gan shi?"

"Wa, Inna?"

"Wanga ɗana na."

Na yi dariya na ce itace ne, maigidana ne ya ƙirƙiro fuskar daga ransa. Ba ta ko dube ni ba. Ta ce ɗanta ya kora shanu zuwa Kurmi, can kudu, shekarun baya, abokan tafiyarsa suka dawo, shi bai dawo ba, kuma ba wanda ya iya gaya mata ko yana raye. Ta ce, "Juya shi. Bayan kunnen hagu akwai tabo, inda saniya ta tunkuye shi yana yaro."

Na ɗauki mai dariyar na juya. Akwai wani ɗan baƙin layi a lanƙwashe bayan kunnen hagu. Na ɗauki na biyu, yana nan. Na bi su duka, ba wanda babu.

Da maigidana ya shigo na nuna masa. Ya ce jijiyar itace ce, reshe ɗaya ne, dole ta ratsa kowace gunduwa. Na ce to me ya sa duk ta faɗo wuri ɗaya, bayan shi ne ke zaɓen inda fuska za ta kalla? Ya daɗe yana juya kan a hannunsa. Ranar bai koma zaure ba.

Tsohuwar ta mai da gidanmu wurin zuwanta. In ta gama tallar nono sai ta shigo ta zauna gaban faifan, ta jera kawunan yadda take so, mai dariya kullum a gaba. Tana yi musu magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, wani lokaci ta yi shiru kamar mai sauraron amsa, ta gyaɗa kai. Ta taɓa ce min hular da na ɗinka ba irin tasa ba ce, shi malafa yake sawa. Ban hana ta zuwa ba. Ba ta cutar da kowa, kuma ni ma na fi samun natsuwa da kawunan in tana nan.

Wata rana ta tambaye ni me zai same shi a cikin majigin. Na gaya mata yadda na ji: manomi ne, zai sha ruwan tafki, kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kwanta damina ta wuce shi, daga baya ya warke ya koyi tace ruwa. Na ce kai ɗaya ma ya rage a sassaƙa, na kwanciyar, mai ido rufe.

Ta kama hannuna. Tafinta sanyi ƙalau. "Ki hwaɗa ma maigidanki kada shi ruhe mai ido."

Na gaya masa. Ya yi ta jan ƙafa, yau ya ce wuƙa ta dakushe, gobe ya ce itacen bai bushe ba. Ma'aikatan kuwa sun riga sun fara aiki a wani ajin makaranta da aka yi hutu, sun toshe tagogi da tabarmi, sun zuba yashi a tebur. Mai tabarau ya zo da kansa. Ina jin su ta bayan zana. Maigidana ya ce a lulluɓe fuskar da mayafi mana. Mutumin ya ce a'a, so yake mutane su ga wahala a fuskar, su ji tsoron ruwan tafki. Bai yi faɗa ba, ya dai tuna masa cewa ya yi alkawari.

Washegari da safe maigidana ya sassaƙa kan mai ido rufe a zaure. Bai shigo min da shi ba. Ya shigo shi kaɗai ya nemi ruwa ya sha, ya ce bai taɓa yin aikin da ya zo masa da sauƙi haka ba, kamar ɓawo kawai yake ɓarewa.

Bayan azahar tsohuwar ta zo, ba ƙwarya a kanta. Ba wanda ya aika mata. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "An yi ko?"

Na juya na dubi maigidana.

"Tun da hantsi na ji," ta ce. "Ku ba ni shi."

Maigidana ya ɗauko ya miƙa mata da hannu biyu. Sai a lokacin na gan shi. Idon a rufe, bakin a ɗan sake, ba alamar jin zafi ko kaɗan, ba kamar yadda aka ce ya yi ba. Ta ɗebi ruwa a randata, ta tsuguna bayan ɗaki ta wanke shi, dama kafin hagu, tana motsa baki. Ta kwance wani farin ƙyalle daga ƙugunta ta naɗe shi tsaf. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Allah shi saka muku, kun kawo min shi gida." Ta rungume shi ta fita, ba wanda ya tare ta a cikinmu.

Mai tabarau ya ce a sake wani, maigidana ya ce ko za a ɗaure shi ba zai sake ba. Dole suka ɗauki wurin kwanciyar da kai mai jin zafi, wanda idonsa ke buɗe. Suka kwashe kawunan da kayan duka suka tafi. Kafin damina rugar ma ta tashi ta koma.

Ni 'yar Shagari ce. Bayan kaka na je gida wajen sunan ɗan ƙanwata, sai aka yi shela za a nuna majigi a filin kasuwa bayan magariba. Muka tsaya can baya tare da mata. Aka haska farin zane, sai ga shi yana tafe da fartanyarsa, sanye da taguwar da na ɗinka da hannuna. Mutane suna ta dariya, yara suna ihu. Ya sha ruwan tafki, ya riƙe ƙafa, ya kwanta a ɗan gadon. Yana kwance yana kallonmu, sai na ga ya lumshe ido a hankali, ya bar su a rufe.

Ba wanda ya lura, don ba wanda ya san babu kai mai ido rufe cikin waɗanda aka yi majigin da su. Da na dawo na gaya wa maigidana, ya ce hasken injin ne ke rawa. Na ce wataƙila.

Kafin in baro Shagari na tambayi gwaggota labarin tsohuwar. Ta ce ai tun dawowarsu ta zauna zaman makoki, aka yi ta zuwa gaisuwa, aka yi sadaka, alhali ba wanda ya kawo labarin mutuwa. Ta ce an ga ta haƙa rami bayan rugar. Tsohuwar ma ba ta kai wata daminar ba.

Maigidana ya koma turmi da akushi, bai sake sassaƙa fuska ba. Shekaru suka wuce, har muka aurar da 'yarmu ta fari. Wata ranar kasuwar Dingyaɗi, ya tafi da kaya, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji sallamar namiji a zaure. Na matso bayan zana na amsa, na ce maigidan ba ya nan. Muryar ta ce daga wajen Shagari yake, ya daɗe a Kurmi, ya dawo ya tarar mahaifiyarsa ta rasu. An ce masa a gidan nan ta karɓi wani abu ta binne, yana so ya san ko mene ne. Hausarsa irin ta mutanen ruga ce.

Zanar tana da ɓula daidai fuskata. Na tsaya ina kallon ƙasa. Na ce ɗan itace ne, abin wasa. Har na zaci ya tafi, sai ya ce, "To. Allah shi ba mu alheri." Ban ji takunsa ba, na dai ji zauren ya zama ba kowa.

Da yamma maigidana ya dawo na ba shi labari. Ya tambaye ni ko na ga fuskar mutumin. Na ce ban leƙa ba. Ya zauna a bakin turmin da bai sayar ba ya daɗe, sannan ya ce gara da ban leƙa ba, in kawo masa ruwan alwala.