Wata Uku Ina Uban Ubana

Na yi laifi, kuma ba zan fake da yarinta ba, don a lokacin har da gemuna, ina masinja a wani ofishin gwamnati.

Mahaifina wankin hula yake yi a bakin Babbar Kasuwa. A shekarar da motoci suka koma hannun dama mahaifiyarmu ta rasu, shi ke nan ya daina fita. Ya kashe rediyonsa, ya zauna a zauren gidanmu na Unguwar Sarki yana kallon bango, mutumin da a da surutunsa ke hana maƙwabta rintsawa da rana. Muka ce haƙuri ne. Gwaggo, ƙanwarsa, ta ce ba wani haƙuri, haka mahaifinsu ya fara: baƙin ciki tukuna, sannan gigin tsufa.

Sunan wannan kakan aka sa mini, kuma kowa ya ce kamarmu ɗaya, har kunnuwa. Wata safiya na fito zan tafi aiki, sai Baba ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gabana, ya ɗauka mahaifinsa ne ni.

"Barka da asuba, Baba. An tashi lafiya?"

Da ina da hankali da na ɗaga shi. Sai na gyara murya na ce, "Lafiya lau, yaro. Ka yi salla?"

Wata uku ina wannan mulki. Naman miya nawa. Sabuwar tabarma tawa. Na hana shi goro, tunda shi ma ya taɓa hana ni sigari. Har faɗa na yi masa kan dukan yara, ya rantse shi ko aure bai yi ba.

Wata Asabar Gwaggo ta shigo ta tarar yana yi mini fifita.

"Sannu, tsoho! Yaushe ka dawo daga lahira?" Ta fizge maficin ta kwaɗa mini a ka. "Kana tsammanin kunnuwa kaɗai ake gada a gidan nan? Allah ya ba ka ɗa irinka."

Da la'asar na je na durƙusa a gabansa. Ya zabura ya durƙusa shi ma, har ya fi ni yin ƙasa. Na ƙara sunkuyawa, ya ƙara. Haka muka yi ta yi har muka kwanta rub da ciki a tsakar gida, akuyar maƙwabta na kallonmu.

Daga nan kwance na ce, "Baba, ni ɗanka ne. Na ci namanka, na ci girman da ba nawa ba. Don Allah ka yafe mini."