Mai Laifin da ke Cikin Fanka

Ku da kuka shigo gyaran kwamfuta kwanan nan, har in bar sana'ar nan ba zan manta da ranar da aka kira ni Zango ba. Lokacin ina da rumfar gyara a Daura, Shari'a ba ta daɗe da dawowa ba, kowa ya zama gwani wajen gano zunubin maƙwabcinsa.

Wanda ya aiko a ɗauko ni a babur Alhaji Mamman ne, dillalin gyaɗa da ya buɗe shagon buga takardu. Kwamfutarsa irin ta tebur ce, da an kunna ta sai ta ɗauki zafi ta mutu. Kafin in iso har Alhaji ya gama bincike ya yanke hukunci. Wai mai buga masa takardu, Malama Binta, tana sa faifan finafinan rawa idan ya tafi kasuwa, shi ne cutar da ake kira bairos ta kama na'urar. Shaidarsa kuwa mai ƙarfi ce: wani abokinsa da bai taɓa taɓa kwamfuta ba ne ya faɗa masa. Ni aikina kawai in tabbatar, a sallame ta, a kuma sanar da mijinta.

Malama Binta na zaune a gefe, idanunta sun yi ja. Ta ce ta rantse har ta gaji.

A ƙa'idarmu, kunne ake fara sawa kafin hannu. Na kunna, na kasa kunne. Ya kamata a ji fankar da ke sanyaya cikinta tana juyawa, amma shiru. Na taɓa akwatin, kamar tanda. Na kashe, na cire wuta, na kwance murfin gefe. Wayar fankar na nan a jone, lafiya lau. Na tura fiffiken da yatsa, ya ƙi motsi. Da na haska tocila sai ga ginin laka, zanzaro ya yi gidansa a tsakanin fiffiken, har da ɗakuna.

Na ce, "Alhaji, matso ka ga mai kallon fim ɗin."

Ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "To, wa ya bar shi ya shiga?"

Na kankare lakar, na share da buroshi, na ɗiga man keken ɗinki a gindin fankar. Muka kunna, ta ɗauka, har aka yi la'asar ba ta mutu ba.

Kuna zaton an ba Malama Binta haƙuri? Alhaji ya sanar da ita cewa ya yafe mata, amma ta riƙa rufe taga. Ta yi masa godiya cikin ladabi, ta ɗauki jakarta. Sati bai zagayo ba ta koma aiki a shagon da ke kallon nasa, masu kawo takardu suka bi ta.

Abin da na koya ke nan: gyaran na'ura ba wuya, ka buɗe ta, za ta nuna maka ciwonta. Amma sau da yawa kafin a kira ka an riga an zaɓi mai laifi. Don haka kada ku sa baki a kan kowa sai kun kwance murfi.